Mutumin da Yake Tambayar Toka

Ranar Alhamis, tara ga watan Mayu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Wanda Ya ba mu aronka Ya karɓi abinSa. NaSa ne mu duka, kuma can muka dosa. Ina tsaye a ɗakin awo da safar hannu a hannuna babbar 'yarka ta kira ni. Ba ta iya haɗa magana ba, sai cewa ta yi, "Baffa, Baba ya tafi." Ni kuma na ce mata, "Ya tafi ina?" Ji tambayar mutum mai furfura, don Allah. Na san inda ka tafi, bakina ne ya ƙi yarda.

Gara in faɗi wani abu tun daga farko, domin in na bari sai ƙarshe ba zan iya ba. A lokacin da take wannan magana, akwai ambulan ɗinka a aljihun teburina na ƙasa. Kwanansa ashirin da uku a wurin. Ka kawo mini shi da hannunka ka ce in auna abin da ke ciki, na ce maka gobe. Saboda wannan goben na zauna yin rubutun nan, Yaya.

Ga waɗanda ba su san shi ba, mamacin mai duba hayaƙin masana'antu ne a ma'aikatarmu ta kula da muhalli, ni kuma mai awo ne a ɗakin gwaji. Ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba. Shekara shida ya girme ni, tun makon da na kama aiki ya fara ce mini ƙanena, ni ma na ce masa Yaya, haka aka tafi shekara ashirin da biyu.

Aikinmu na mutum biyu ne. Zan ɗauki wata farar takarda zagayayya, ba ta fi tafin hannu ba, in ɗora ta a kan sikelin da ke cikin gilashi, in rubuta nauyinta. Kai ka tafi da ita masana'anta, ka hau tsanin ƙarfen da ke jikin bututun hayaƙi, ka kunna ƙaramin injin zuƙa ya ja hayaƙin ta cikin takardar tsawon awa guda. Ka dawo mini da ita in sake aunawa. Abin da ya ƙaru a kan nauyin farko, shi ne abin da mutanen unguwa suke shaƙa. Dokar fom ɗin da muke rubuta sakamakon a kai kuwa a fili take: mai awo ne zai fara rubuta nauyi ya sa hannu, sannan wanda ya hau ya sa nasa a ƙasa, ya shaida cewa takardarsa ce. Ba a yarda ya sa hannu a fom ɗin da babu nauyi ba, don kada wani ya cike abin da ya ga dama a saman sunansa.

Doka mai kyau, sai dai an daɗe da sanin yadda ake bi ta bayanta. Kafin a fita duba, dole a cike takardar neman mota kwana ɗaya kafin tafiya, a rubuta inda za a. Tawadar ba ta gama bushewa waya ta isa masana'anta. Washegari sai a tarar an share harabar tas, an kunna babban injin tace hayaƙi, an juya tanda zuwa iskar gas, bututun yana fitar da ɗan farin tururi kamar na tukunyar shayi. Masu duba su hau, su sauko da takarda fara sol, a shigar da su ofishin manaja a rufe ƙofa. Motarmu ba ta gama barin titin za a kashe injin tacewa, domin yana shan wuta, a koma wa kwal da tsofaffin tayoyi.

Kai ba ka farawa da bututu. Ka kan wuce kai tsaye ƙarƙashin injin tacewa, ka leƙa rumbun da dattin da ya tare yake zuba, ka juyo ka dubi manaja ka ce, "Ranka ya daɗe, ina tokar?" Hujjarka ko yaro zai gane ta. Injin da ke aiki kullum zai tara toka tifa-tifa a wata. To ina aka kai ta? Wace mota ta kwashe? Ina ramin da aka zuba? Na taɓa bin ka sau ɗaya, na ga wani manaja mai ƙaton agogo yana ta zufa yana cewa an kwashe jiya. Ka sa hannu cikin rumbun ka fito da yanar gizo-gizo ka miƙa masa, ka ce, "To wannan bawan Allah ya yi saurin gini." Daga nan aka sa maka Malam Ina-Toka. Da niyyar zolaya aka sa, kai kuma ka amsa da fara'a har sunan ya bi ka.

In ka gama da su, sai ka zagaya bayan katanga, wajen gidajen da iska ke kai wa hayaƙi. Akwai wata dattijuwa mai wanki da guga a bayan babbar masana'antar bulo, wadda zannuwan gadon mutane suke yi mata ɗigo-ɗigon baƙi a kan igiya. Ka kan tsaya ku gaisa, ka shafa zanen da yatsa ka duba. Da jikarta ta kwanta da ciwon ƙirji, kai ka ɗauke su zuwa asibiti, ka zauna a benci har aka ba su gado. Ban ji wannan daga bakinka ba. A wajen zaman makoki ta ba ni labari, ta zo da ƙafa, ta zauna can gefe ba ta san kowa ba.

An gwada ka ta kowace hanya. Wanda ya fi ba mu dariya shi ne na firji. Kana wurin aiki wata mota ta sauke sabon firji a gidanka, aka ce wa maman yara kyauta ce daga abokan arziki. Baiwar Allah ta yi murna, ta goge shi, ta jona, ta jera robobin ruwa. Ka dawo ka tarar, ka tsaya kana kallonsa kamar an ajiye maka gawa a falo. Ka fita ka nemo mai a-kori-kura da kuɗinka don ya mayar musu da abinsu. Ana cikin ɗagawa ta ce, "Haba Baban yara, ko ruwan a bari ya yi sanyi mana!" Ka ce, "Wannan ruwan in ya yi sanyi, ni ne zan ji zafinsa." Kwana biyu ba ta yi maka magana ba. Kai da kanka ka zo kana ba ni labari kana dariya har da tari.

Da aka ga ba ka sayuwa, kuma ba a sami laifin da za a kore ka da shi ba, sai aka yi maka abin da ya fi kora ciwo. Aka ce an ƙara maka girma, kai ne mai kula da sito. Ɗaki ne a ƙarshen baranda, taga ɗaya, cike da matattun injuna da kujeru masu ƙafa uku. Ba a karɓe katinka na mai duba ba, an dai daina ba ka mota, an daina ba ka injin zuƙa. Shekara tara kana zuwa ƙarfe takwas, ka share ɗakin, ka zauna. Mutanen da ka koya wa hawan tsani suka koma bi ta ɗayar barandar don kada a gan su suna gaishe ka. Wallahi na gani da idona, kuma abin yana ƙona mini rai, amma ban taɓa buɗe baki a taro na faɗa ba.

Duk da haka kai ne ka riƙe ni, ba ni na riƙe ka ba. Da matata ta rasu, yara kuma kowa ya kama gabansa, sai na koma shan shayi da burodi a tsaye a ɗakin awo. Ka leƙo wata rana ka gan ni. Washegari da azahar ka ƙwanƙwasa gilashin ƙofata da cokali. Maman yara ta ƙara hannu a kula, ta sa cokali biyu. Tun daga ranar, shekara bakwai, a sito nake cin abincin rana, a kan wani akwatin katako da muka mayar tebur. Shi ne kaɗai abincin da nake ci da wani a yini. Ka kan tsokane ni ka ce, "Sarkin Awo, auna mini naman nan, na ga naka ya fi."

A wajen cin abincin nan ne ka kan yi mini karatu. Ka ce hayaƙi iri biyu ne. Akwai baƙin da ido ke gani, mai shiga ƙirji. Akwai kuma iskar da ba a gani, wadda take taruwa a sama tana riƙe zafin rana kamar bargo, ita ce ke ɗumama duniya. Ka ce masana'antar da ta rubuta iskar gas a takarda alhali kwal da taya take ƙonawa, ƙarya biyu ta yi: ta yi wa maƙwabta, ta yi wa duniya. Alƙaluman da muke sa wa hannu su ake tarawa a yi babban rahoto mai sheƙi, a kai taron ƙasashe, a ce hayaƙinmu ya ragu, a tafa. Shekarar da Darakta ya dawo daga irin wannan taro da lambar yabo aka rataye a ofis, ka tsaya gabanta ka daɗe, sannan ka ce mini, "Ƙanena, sama ba ta karanta rahoto." Ka ce in tambayi duk wani tsohon manomi yaushe rabon da ruwa ya sauka a lokacin da ya saba. Ni kuwa na ce maka ka cika zurfafawa, ci abincinka.

Ga nawa laifin. Duk farar takardar da sauran suka kawo a shekarun nan tara, ni na auna ta, ni na sa hannu. Ina gaya wa kaina cewa sikelina bai taɓa ƙarya ba, abin da aka kawo shi na auna. Ban taɓa shiga ofishin manaja ba. Amma in an dawo daga duba aka ajiye mini ɗan abu a ƙarƙashin littafi aka ce na shan ruwa ne, ban taɓa bin kowa da shi ba. Ka sani sarai. Ko sau ɗaya ba ka goranta mini ba, kuma ba ka fasa ƙwanƙwasa gilashin ba. Da ka zage ni, da na fi samun sauƙi.

Cikin watannin ƙarshe ka duƙufa kan wasu matattun injunan zuƙa guda uku, kana cire na wannan kana sa wa wancan. Ka ce in auna maka farar takarda ɗaya ka ajiye. Na auna na ba ka ina dariya a raina, don na tabbata injin nan ba zai taɓa tashi ba. Ashe ya tashi. Lasisin babbar masana'antar bulo zai ƙare a ƙarshen watan Mayu, kuma doka ta ce in akwai sakamako mara kyau a fayil, ba za a sabunta ba sai an yi bincike. Wata Talata da safe, ba takardar mota, ba sallama, ka saɓa injin a kafaɗa ka hau motar haya zuwa masana'antar. Ka nuna wa mai gadi katinka, kafin a gama kiraye-kirayen waya ka kai rabin tsani. Taki ɗari da arba'in, kana da shekara hamsin da tara, da wannan ƙirjin naka da ya sha hayaƙin shekara da shekaru.

Da la'asar ka shigo ɗakin awo, rigarka ta yi baƙi, numfashinka yana fita da ƙara. Ka buɗe ambulan ka nuna mini. Tunda nake aikin nan ban taɓa ganin takarda irin wannan ba, baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Ka ajiye fom a kai ka ce, "Auna, ka sa hannu, in sa nawa." Na dubi takardar, na dubi ƙofa. Saura shekara bakwai in yi ritaya. Na tuna sito, na tuna yadda ake kauce maka a baranda. Na ce, "Yaya, sikelin yana ɗan rawa yau, bari sai gobe." Ka dube ni, ka gyaɗa kai, ka ce, "Allah Ya kai mu."

Sikelin lafiyarsa ƙalau. Gobe ta yi na ce babu wuta, alhali akwai janareta. Jibi na ce aiki ya yi yawa. Daga nan ma na daina kawo dalili, kai kuma ka daina tambaya. Kullum da azahar ka ƙwanƙwasa gilashi, mu je mu ci, mu yi hirar zafi da tsadar kaya da jikokinka. Na lura alƙalami yana maƙale a aljihun rigarka kullum, kai da ba ka da abin rubutawa a sito. Na gane ko na mene ne, na kawar da kai. Ranar Talatar makon da ka rasu ka yanke jiki a bakin ƙofar gida. Na je asibiti Laraba na tarar an sa maka robar numfashi. Na riƙe hannunka na ce ka warke ka dawo akwai aikin da ke jiranmu. Ban sani ba ko ka ji.

Mun kai ka makwancinka ranar Alhamis bayan azahar. Mutanen ofis sun zo, har da waɗanda suke canza baranda, kowa yana cewa an yi rashin mutumin kirki.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa. Na ɗauko ambulan ɗin, na sa safar hannu, na ɗora takardar a kan sikeli, na rufe gilashi. Minti huɗu, Yaya. Abin da na hana ka kwana ashirin da uku, minti huɗu ne. Nauyin ya ninka abin da doka ta yarda har sau goma sha ɗaya. Na sake aunawa sau biyu, bai motsa ba. Na rubuta, na sa hannu, na hau bene na ajiye a gaban Darakta.

Ban taɓa ganinsa da taushin murya irin na ranar ba. Ya yi mini gaisuwar rashi, ya sa gilashinsa, ya karanta fom ɗin daga sama har ƙasa. Sai ya ɗora yatsa a layin ƙarshe.

"Ina sa hannun wanda ya hau?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ka san ya rasu."

Ya ce, "Na sani, Allah Ya jiƙansa. To ka ga matsalar. Wa zai shaida daga ina takardar nan ta fito? Ni ba na karya doka." Ya turo mini fom ɗin a hankali, ya ƙara da cewa, "Da ka kawo yana da rai, da ba ni da ta cewa."

Na so ya yi mini tsawa, na so ya yi ƙarya don in sami abin riƙewa. Gaskiya ya faɗa. An sabunta lasisin a makon da ya biyo baya. Na bi masu duba su biyar ɗaya bayan ɗaya, na ce wa kowa zan auna masa farar takarda ya koma ya hau ba tare da takardar mota ba. Ɗaya ya ce gwiwarsa na ciwo. Ɗaya ya yi dariya ya ce ko mamacin ya bar mini gadon ciwonsa ne. Sauran ba su bari na gama magana ba. Ni ba ni da izinin hawa, in ma na hau, doka ta hana mutum ɗaya ya hau kuma ya auna. Yanzu in na fito baranda sai in ji ƙofofi suna rufuwa. Sai yanzu na san a inda ka zauna shekara tara, kuma ni da nake ganin ina kusa da kai, ina cikin waɗanda suka bar ka kai kaɗai.

Ban iya riƙe abin ba. Na je gidanka na durƙusa a gaban maman yara, babbar 'yarka tana gefe, na faɗa musu komai, tun daga sikelin da na ce yana rawa. Na shirya wa zagi, na shirya wa kora. Maman yara ta murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Ai ya gaya mini. Ni ce ma na ce ya kai wani ɗakin gwajin a auna masa, tunda kai ka ƙi. Ya ce a'a, takardar ƙanena ce, shi ya auna ta tana fara. Ya ce tsoro ne kawai yake ji, a bar shi, zai auna." Ta share ido ta ce, "To ka ga ka auna."

Na auna, Yaya. Ba ka yi kuskure a kaina ba, ni ne na makara.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maman yara, wadda ta sha ruwan randa shekara da shekaru don mijinta ya kwana da mutuncinsa. Ina miƙa ta ga 'ya'yanka huɗu da jikokinka, da 'yan'uwa, da mutanen bayan katanga waɗanda suka rasa mai ƙwanƙwasa musu ƙofa ya tambayi lafiyar ƙirjin yaransu. Ku sani mahaifinku bai ci haƙƙin kowa ba, bai sayar da numfashin kowa ba. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zama gatanku, Ya sa albarka a bayansa.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka haskaka shi. Ka musanya masa ƙuncin numfashin da ya sha da ni'imar Aljanna, Ka haɗa shi da abokan zaman da ba za su guje shi ba. Ranar da za a ɗora ayyuka a kan ma'auninKa, Ka nauyaya nasa da rahamarKa, domin a wurinKa ba a neman sa hannun kowa.

Ni kuma da na rage, duk wanda ya karanta wannan ya yi wa mamacin addu'a, ina roƙon ya ƙara mini guda ɗaya. Gobe ƙarfe takwas zan buɗe ɗakin awo kamar kullum. Allah Ya turo mini mutum ɗaya da zai hau.